Ranar da Ɗan Aike Ya Koyi Surutu

Babu makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da rimot ɗin talabijin ya ƙi aiki ya juya batir ya kama, kuma tun daga ranar duk wanda ya kira shi da wani suna sai ya yi kamar da bango ake. Ya yi aiki a shagon gyaran waya, aka sallame shi. Ya yi a wurin buga takardu, nan ma aka nuna masa ƙofa. A bakinsa kuwa shi ya bar su duka, don ƙwaƙwalwarsa ta yi wa ɗakunansu girma.

Da abin ya ishi Yayarsa, wadda a gidanta yake ci yake kwana, sai ta tasa mijinta a gaba da magiya. Mijin yana da ɗan kamfanin kai kaya: a aiko da kwali daga wani gari, motar kamfani ta sauke shi a sito, a tura wa mai shi saƙo a waya ya zo ya karɓa. Maigida ya daɗe yana toshe kunne, amma mutum ba ya toshe kunne har abada a gidan da yake kwana.

"Wannan ce ta ƙarshe," in ji Yaya, safiyar da zai fara aiki. "Na zubar da kunyata a gaban mutumin nan saboda kai. In ka watsa min ƙasa a ido, wallahi ba ni da sauran bakin da zan roƙa maka ko gadi."

"Yaya ke nan," in ji shi, yana gyara kwalar riga a madubi. "Nan gaba ni za a riƙa roƙo. Ki rubuta ki ajiye."

Ɗakin kwamfuta yana bayan kantar da ake sallamar masu kaya, ɗan ƙuƙut, da fanka mai kuka da kujera mai juyi. Mai kujerar wata mata ce da ake kira Madam Shiru, don in ta ce maka "to" da safe, ta gama hirar ranar. Za ta tafi hutun haihuwa, ana neman wanda zai ɗumama wurin kawai kafin ta dawo. Ita ta rubuta 'yar manhajar da kamfanin ke tsaye a kanta, ta sa mata suna Ɗan Aike, shi kuma ya gaji halin uwarsa sak. Baƙin allo ne, ba hoto ba ado. Ka rubuta masa "ajiye", ya ajiye kwafin bayanai. Ka rubuta "sanar", ya tura wa masu kaya saƙo. Ya gama ya yi gum.

"Abu ɗaya," in ji Madam Shiru, tana rataya jaka. "Kullum da sassafe, kafin a buɗe, kwamfuta tana kiransa da kanta. In an kira shi ba a ce masa komai ba, ya san aikin safe ake nufi: ya duba kayan da suka iso, ya sanar da masu su. Kada ka taɓa cikinsa. In ya tsaya, kira ni."

Wannan ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinta, kuma ta yi asararta, domin Injiniya yana can yana gwada ko kujerar tana juyawa ta hagu kamar yadda take juyawa ta dama.

Bai yi mako ba ya fito gaban kanta ya riƙe ƙugu. Mai kanta, wata mata mai saurin hannu da saurin baki, tana sallamar mutane. Mai sito, dattijo mai ciwon baya, yana jera kwalaye.

"Na duba Ɗan Aiken naku," in ji Injiniya. "Wannan ba manhaja ba ce, gidan makoki ne. Ka shiga ba sannu, ka fita ba sai an jima. A ƙasashen da suka ci gaba, manhaja ce ke tambayarka abin da kake so. Ta jero maka ayyuka, ka bi da kibiya sama da ƙasa, ka zaɓa. Menu ake ce masa."

"To ni abin da nake so," in ji Mai sito, "ka ɗaga min ƙafa daga kan kwalin mutane."

"Baba, kai ba za ka gane ba. Wannan harka ce ta sama."

"Ai na gani. Shi ya sa ba ka duba ƙasa."

Ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Kwana da kwanaki ba a jin komai sai ƙarar maɓallai da muryarsa yana yi wa kansa kirari. Abin da ya tsinto a intanet ya liƙa, abin da bai gane ba ya goge, don a ganinsa duk abin da shi bai gane ba, ba shi da amfani. Daga nan ya kira taro, ya sa har Maigida ya bar ofishinsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, tumbinsa a ciki, sauransa a waje.

Injiniya ya danna maɓalli. Allo ya yi walƙiya, ya cika da kore da ja da rawaya. A sama, da manyan baƙaƙe: BARKA DA ZUWA. WANNAN AIKIN INJINIYA NE. A ƙasa kuma: Me kake so a yi?

"Kun gani? Ya iya gaisuwa. Anti, zo ki gwada."

Mai kanta ta zauna. Da can kalma guda take rubutawa ta tashi. Yanzu ta danna kibiya ta sauka, ta wuce wurin, ta danna ta hau, ta zaɓi "ajiye". Allo ya ce: Kin tabbata? Ta ce ta tabbata. Ya ce: Kin tabbata kin tabbata?

"Shi wannan ɗin mijina ne?" in ji ta.

"Kariya ce, Anti. Don kada mutum ya yi kuskure."

"Kuskuren ai an riga an yi shi."

Maigida dai launuka sun ɗan burge shi, don shi mutum ne da in abu yana walƙiya yakan ɗauka tsada gare shi. Ya gyaɗa kai ya koma. Injiniya ya ɗauki gyaɗa kan nan ya kai gida, kafin a gama cin abinci ya zama rungumar da Maigida ya yi masa har da ƙwalla. Yaya ta ji daɗi ƙwarai, ta ƙara masa nama.

Washegari ba wanda ya zo karɓar kaya. Aka ce ko kasuwa ce. Jibi ma shiru. Mota tana ta saukewa, kwalaye suka hau kan juna har suka toshe tagar sito. Cikinsu akwai kwali mai huji-huji cike da 'yan tsaki, suna ta tsiwa kamar su ma wani ya yi musu alkawarin aiki. Mai sito da bai taɓa kiwon ko tantabara ba ya koma reno, yana ba su ruwa a murfin kwalba yana tsine wa ci gaba.

Ana haka mai tsakin ya faɗo, wani siririn mutum da jijiyar wuya a waje.

"Tun yaushe kayana suka iso?"

"Sun kwan biyu," in ji Mai kanta.

"Me ya hana ku turo saƙo? Ina can na share keji ina zaman jira, ashe 'ya'yana suna nan a hannun wannan tsohon."

"Ka yi min godiya," in ji Mai sito. "Biyu daga ciki har sun fara bi na."

Aka dunguma ɗakin kwamfuta. Mai kanta ta leƙa ƙananan tagogin da ke ɓoye a bayan allon, sai ga Ɗan Aike na safiyar farko yana tsaye, yana tambaya: Me kake so a yi? Ga na safiya ta biyu a bayansa, shi ma da tambayarsa. Kwamfuta ta kira shi a ofis da ba kowa, shi kuma sabon mai ladabi ya tsaya yana jiran kujera ta amsa.

"Wato," in ji Maigida a hankali, "da can yana aiki ba ya magana. Yanzu yana magana ba ya aiki."

"Ya yi gadon sabon uba," in ji Mai kanta.

"Yallaɓai, wannan ba matsala ba ce, alama ce ta tarbiyya. Manhaja mai hankali ba ta yin gaban kanta."

"Ƙanina, mayar da shi yadda yake. Yau."

"An gama, Yallaɓai."

Ba a gama komai ba. Mayarwa sai da abin da za a mayar, shi kuwa a kan na asalin ya yi aikinsa, bai ajiye kwafi ba, saboda a tunaninsa mutum ba ya ajiye tsohon takalmi bayan ya sayi sabo. Lambar Madam Shiru tana cikin wayarsa. Ya duba ta, ya tuna cewa sai ya fara da "na ɓata", ya mayar da wayar aljihu. Kalmar nan ba ta taɓa bi ta maƙogwaronsa ba, bai ga dalilin da zai fara a kan mai jego ba.

Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum da gudu don ta san ba za a bincike ta ba. Ya koya wa Ɗan Aike cewa in ya yi tambaya ya ɗan jira bai ji amsa ba, to ya zaɓi na farko a jeri ya wuce. Ya sa aikin safe a sama. Washegari saƙonni suka fita, mutane suka zo, sito ya sami iska.

Daga nan kuma kunnen kowa bai ƙara hutawa a kamfanin ba.

"Madam Shiru ba ta taɓa tunanin wannan ba," yake gaya wa direba, yake gaya wa mai shara, yake gaya wa wanda ya shigo tambayar hanya. "Manhajar da in ka yi shiru ta karanci zuciyarka. Ni fa ba na son yabon kai, amma wani abin in ba ka faɗa ba ka zalunci tarihi."

Da mai hankali ne, da ya tsaya nan. Amma Injiniya in abu ya yi daidai sai ya ji kamar an rage masa aiki. Ya ƙara wa jerin wani sabon layi, "gwajin sanarwa", don ya riƙa tura wa wayarsa saƙo yana jin daɗin ƙararta. Saƙon irin na kullum ne: Kayanka sun iso, zo ka karɓa yanzu. Sai dai tunda shi kaɗai ke gani, ya ɗan ƙara masa gishiri a ƙasa, abin da yake faɗa a zuci duk sanda ya wuce ofishin mijin yayarsa. In ya zaɓi gwajin, allo yakan tambaya: Wa za a tura wa? Kowa, ko Ni kaɗai? Sai ya sauko da kibiya kan "Ni kaɗai", waya ta yi ƙara, ya karanta ya yi dariya ya juya kujera.

Wata la'asar, ana shirin tashi, ya ɗora hular ƙarshe a kan aikin: ya sa jerin ya riƙa tsara kansa, aikin da aka fi yawan zaɓa ya hau sama. Ya kashe fanka, ya kulle ɗaki, ya tafi gida yana fito. Bai tsaya ya tambayi kansa wane aiki ne aka fi zaɓa a kamfanin ba tun da ya sami abin wasa.

Da safe ya sa rigarsa mai guga, don ranar ya yi niyyar tuntuɓar Maigida a kan a manna masa allon suna a ƙofa. Wayarsa ta yi ƙara a hanya, ya leƙa ya ga saƙon gwajinsa ne, ya yi murmushi ya mayar. Da ya karyo kwanar layin sai ya ga jama'a. Mutane sun cika bakin kamfani har titi, babura sun tare hanya, wani ya zo da kurar ɗaukar kaya, wata tsohuwa ta zo da jikokinta su taya ta ɗauka. Kowa waya a hannu.

Zuciyarsa ta yi fari tas. Ga abin da ake kira ci gaba. Ya kutsa cikinsu yana ture kafaɗu.

"A ba ni hanya, jama'a, a ba ni hanya. Kowa zai samu. Duk wannan cikar da kuke gani aikina ne. Ni ne Injiniya."

Duk suka juyo suna kallonsa.

"Kai ne Injiniyan?" in ji wani tela, da tef ɗin awo a wuya.

"Ba wani bayan ni."

"Alhamdu lillahi. Jama'a, ga shi ya kawo kansa." Telan ya ɗaga waya ya karanta da ƙarfi, yana bin kalma ɗaya-ɗaya kamar mai karatun sanarwa a rediyo: "Kayanka sun iso, zo ka karɓa yanzu. Daga Injiniya, kan da ke ɗauke da kamfanin nan. Maigida kuwa sai tumbi da sa hannu."

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Saura ba su yi ba, don sun biya kuɗin mota.

"Na rufe shago na zo," in ji telan. "Rabona da aiko kaya ta nan tun ɗana na fari yana rarrafe. Ina kayan?"

"Ni na ɗauka ɗana ne ya tuna da ni," in ji tsohuwar. Muryarta ba ta da faɗa ko kaɗan, kuma ita ta fi ciwo.

"Ni kuma na sake share keji," in ji mai tsaki.

Sai a lokacin Injiniya ya gane. Abin ya jeru masa a kai kamar jerin nasa: gwaji ya hau sama, ba kowa a ɗaki, an zaɓi na farko. Wa za a tura wa? Ba kowa a ɗaki, an zaɓi na farko. Duk lambar da ta taɓa shiga kamfanin nan tun kafuwarsa ta samu.

"Wannan," in ji shi, yana ja da baya, "gwajin ƙarfin manhaja ne. Kuma kun ga ta kai ga kowa, wato ta ci jarrabawa."

Takalmin da aka jefo bai same shi ba, ya sami ƙofa. Ya faɗa ciki da gudu. Maigida yana tsaye a tsakiyar ofis, ya tsuke ciki iya ƙarfinsa, abin da ya sa fuskarsa ta ƙara kumbura. Mai kanta tana amsa wayoyi biyu a lokaci guda. Mai sito ya tokare ƙofar sito da bayansa mai ciwo.

"Yallaɓai, minti ɗaya. Yanzu zan tura ban haƙuri."

Ya zube a kujera ya kira Ɗan Aike. Allo ya yi walƙiya: BARKA DA ZUWA. WANNAN AIKIN INJINIYA NE. Me kake so a yi?

"Tumbi," in ji Maigida a bayansa.

Injiniya ya juyo da kujera. "Yallaɓai, ka fahimce ni. Tumbi a wurin manya alama ce ta rufin asiri. Ni da na rubuta haka, girmamawa nake nufi. Sa hannu kuwa, ai ba kowa ake ba ya sa hannu ba. In ka duba tarihin manyan kamfanoni na duniya..."

Yana cikin tarihin manyan kamfanoni, Ɗan Aike ya gama ɗan jiransa bai ji amsa ba, ya zaɓi na farko. Ya sake tambaya, ya sake jira, ya sake zaɓar na farko.

Wayar Maigida ta yi ƙara a aljihu. Ta Mai kanta ta yi. Daga waje kuma aka ji wayoyin layin gaba ɗaya sun amsa tare, sannan muryar tela: "Sun kuma iso."

Mai kanta ta ajiye wayoyinta, ta zagayo, ta sunkuya ta fizge wayar wuta daga bango. Allo ya mutu, ya koma baƙi kamar yadda Madam Shiru ta bar shi.

A lokacin ne jama'a suka dare a bakin ƙofa, Yaya ta shigo. Ita ma lambarta tana cikin waɗanda saƙon ya shiga. Mayafinta a karkace, waya a hannu, idonta ya yi ja. Ba ta dubi ƙaninta ba. Ta tsaya gaban mijinta a gaban ma'aikatansa da baƙin da ke leƙe ta taga, ta ce, "Ka yi haƙuri. Ni na kawo shi."

Wannan ta soki Injiniya fiye da takalmin da bai same shi ba. Da zagi ta yi, yana da amsa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai saba da ita ba, har ya rasa inda zai ajiye hannuwansa.

Maigida ya saki cikinsa, ya sauke numfashi.

"Saboda ke, zan ba shi zaɓi, tunda shi mutum ne mai son zaɓi." Ya juyo. "Na farko, ka ajiye makulli ka kama gabanka. Na biyu, ka fita wajen nan ka ce wa mutanen nan kai ka ɓata, ka kira Madam ka gaya mata haka da bakinka, sannan ka koma sito ɗaukar kwali a ƙarƙashin Baba. Me kake so a yi?"

Yaya ta ɗago ta dube shi a karo na farko. Idonta yana roƙonsa ya ce na biyu.

Shi ma na biyun yake so, Allah ya sani. Amma kalmar nan ta "na ɓata" ta zo maƙogwaro ta tsaya a gicciye kamar ƙaya. Ya fara neman yadda zai ce na biyu ba tare da ya faɗe ta ba. Ko ya ce zai karɓi jagorancin sashen adana kaya? Ko ya ce manhajar ce ta riga zamaninta? Ya buɗe baki, ya rufe. Ya gyara kwala. Mutumin da tun da aka haife shi ba a taɓa jiran maganarsa ba, yau ofis guda yana jira, fanka kaɗai ke kuka.

Maigida ya dubi agogonsa, ya ɗan ƙara jira, ya miƙa tafin hannu.

"Ba ka amsa ba. Na zaɓi na farko."

Makullin ya yi ƙara a tafinsa. Yaya ta juya ta fita, ba ta jira shi ba.

Injiniya ya bi ta gaban kanta yana tafiya kamar takalmin ba nasa ba. Jama'a suka buɗa masa hanya, wannan karon ba sai ya roƙa ba. Har ya kai bakin ƙofa Mai sito ya kira shi.

"Injiniya."

Ya waiga. Dattijon ya ɗora wani ƙaramin kwali a kan kanta, irin mai huji-huji, har da ɗan gashin tsaki a gefe. A ciki akwai kofin shayinsa, da cajar waya, da madubin da yake ajiyewa a aljihun tebur.

"Zo ka karɓa," in ji Mai sito. "Duk layin nan, kai kaɗai saƙon ya gaya wa gaskiya."